Zubewar Gashin Yaro: Matakan Kula da Shi a Gida, da Inda Maganin Gargajiya Ya Tsaya

Da zarar iyaye sun ga fili ya buɗe a kan ɗansu, ko mataji ya fara fitowa cike da gashi, tambayar da ke fara zuwa bakinsu ita ce: me za mu shafa masa? Nan take masu ba da shawara za su taru. Wannan ya ce man kwakwa, waccan ta ce ruwan albasa, wani ya ce a aske kan tas, gashin zai dawo da kauri. Amma akwai tambayar da ya kamata ta riga wannan: me ya zubar da gashin? Dalilan da ke zubar da gashin yara suna da yawa, kuma abin da zai taimaki wani yaro shi ne zai cuci wani. Man da ke tausasa kan yarinyar da kitso ya ci wa goshi, idan aka dogara da shi a kan makero, sai a wayi gari an bar yaro da tabon da gashi ba zai ƙara tsirowa a kansa ba.

Abin da tsofaffin hanyoyin magani suka gane, na Indiya ne ko na Sin ko na Larabawa ko na Afirka, shi ne ba a kallon filin da ya buɗe shi kaɗai. Ana tambayar abin da yaro ke ci, yadda yake barci, ciwon da ya yi a watannin baya, da abin da ke damunsa a rai. Wannan nake so iyaye su riƙe hannu bibbiyu. Inda na raba hanya da masu cewa ganye da mai sun isa komai shi ne inda cuta ke buƙatar maganin asibiti, kuma idan mun zo wurin zan faɗa ƙarara.

Mataki na 1: Ku duba kafin ku shafa komai

Kan mutum yana ɗauke da gashi kusan 100,000, kuma zubar 50 zuwa 100 a rana ba ciwo ba ne. Kowane silin gashi yana shafe shekara 2 zuwa 6 yana tsawo, kusan santimita 1 a wata, sannan ya huta na kimanin wata 3, ya faɗi, sabo ya maye gurbinsa. Wannan wata 3 ɗin ku riƙe shi a ka, zai yi mana amfani nan gaba.

Ku zaunar da yaro inda haske yake sosai, ku riƙa buɗe gashin layi-layi. Ku lura ko zubewar a wuri ɗaya take ko ta game kan duka. Ku taɓa fatar wurin: sumul take, ko tana da ɓawo da ƙaiƙayi? Akwai ɗigo-ɗigo baƙaƙe, wato kututturen gashin da ya karye dab da fata? Akwai ƙuraje ko mugunya? Ku shafa ƙeya da bayan kunnuwa ku ji ko kaluluwa ta fito. Ku duba gira, gashin ido da farce. Daga nan ku ɗauki hoton wurin da waya, ku riƙa maimaitawa duk mako biyu, a wuri guda da haske iri ɗaya. Idon da ke kallon abu kullum ba ya ganin sauyinsa, hoto kuwa yana nunawa.

Sai ku waiwaya baya wata 2 zuwa 4. Ya yi zazzaɓi mai zafi? An yi masa tiyata? Ya rame? An sauya masa makaranta, an yi rashi, an yi masa ƙani? Wani a gida ko a ajinsu yana da irin wannan? Akwai kyanwa ko kare mai zubar gashi da yake wasa da shi?

Mataki na 2: Ku gane wane iri ne

Nan ne aikin yake, don haka zan ɗan daɗe.

Makero yana sahun gaba cikin abubuwan da ke zubar da gashin yara, musamman daga shekara 3 zuwa gab da balaga. Ƙwayar fangas ce ke kawo shi. Alamarsa fili mai ɓawo kamar an barbaɗa toka, da ƙaiƙayi, da karyayyen gashi, sau da yawa tare da kaluluwa a ƙeya. Wani lokaci ba ya yin zagayen da aka san shi da shi, sai ya yi kama da amosani kawai. Saboda haka yaron da bai balaga ba, idan amosani ya yi masa yawa kuma gashi na karyewa, a fara zargin makero. Idan ya tsananta, wurin yakan kumbura ya yi laushi yana tsatsafo da mugunya, kamar maruru mai baki da yawa. Likitoci na kiran wannan keriyon, kuma shi ne ke barin tabo na dindindin.

Na biyu shi ne wanda likitoci ke kira alofeshiya ariyata. Fili ne zagayayye, sumul, ba ɓawo, ba ƙaiƙayi, kamar an goge shi da reza. Garkuwar jikin yaron ce ke kai wa saiwar gashinsa hari bisa kuskure. Ba a ɗaukarsa daga wani, ba ƙazanta ce ta kawo shi ba, kuma ba laifin iyaye ba ne. Kimanin mutum 2 cikin 100 na gamuwa da shi a tsawon rayuwarsu. A gefen filin za a iya ganin gajerun gashi masu siririn gindi, a farce kuma ƙananan ramuka kamar an tsattsaga da allura. Saiwar gashin ba ta mutu ba, shi ya sa yara da yawa masu fili ɗaya ko biyu gashinsu ke dawowa da kansa cikin shekara guda.

Na uku, jan gashi. Kitso mai tsauri, ɗaure gashi da roba a wuri guda kullum, ƙarin gashi mai nauyi, da duwatsun ado da ake rataya wa a jelar kitso, duk suna jan saiwa. Yana farawa daga goshi da gefen kunnuwa. Ƙananan ƙuraje a gindin kitso su ne gargaɗin farko.

Na huɗu, zubewar da ke biyo bayan ciwo. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, taifot, ƙyanda, tiyata ko wata babbar girgiza kan tura gashi mai yawa zuwa hutu lokaci guda. Ba ya faɗuwa a lokacin, sai bayan wata 2 zuwa 3, lokacin da yaro ya riga ya warke kowa ya manta da ciwon. Zubewar tana game kai duka, fatar kuma lafiyarta lau. Wannan yana tsayawa da kansa, galibi cikin wata 6.

Na biyar, yaron da ke tsige gashinsa da hannunsa. Filin ba shi da tsari, gashin da ke ciki tsawonsa bai daidaita ba, kuma ya fi yawa a ɓangaren hannun da yake aiki da shi. Yakan yi haka lokacin kallo, karatu ko jiran barci, sau da yawa bai ma san yana yi ba.

Akwai kuma wanda tushensa ke cikin jiki: ƙarancin jini, tamowa, ko matsalar tairoid, wata 'yar gaɓa a gaban wuya da ke daidaita aikin jiki. A nan gashin kan yi laushi, ya bushe, wani lokaci ya koma jaja-jaja, ya riƙa fita da an ɗan ja shi.

Jarirai nasu daban ne. Yawancinsu suna zubar da gashin haihuwa a cikin wata 6 na farko, ƙeya kuma ta fi nunawa. Kada ku kifa jariri a kan cikinsa ya yi barci don ceton gashin ƙeya. Kwanciyar rigingine ita ce mafi aminci ga numfashinsa, gashin kuwa zai dawo. Idan yana farke kuna kallonsa, ku ɗan kifa shi ya yi wasa. Ɓawon nan mai maiƙo, ruwan ɗorawa, da ke kama kan jarirai, a shafa masa ɗan mai ya jiƙa, a goge da buroshi mai laushi, a wanke. Kada a ɓanɓare shi da farce.

Mataki na 3: Idan makero ne, asibiti tukuna

Ga wurin da na ce zan faɗa ƙarara. Makeron kai ba ya jin maganin shafawa, na gargajiya ne ko na kemis. Dalili kuwa, ƙwayar cutar tana shigewa cikin silin gashi har zuwa saiwa, kamar ƙwaron da ya shige cikin ƙwayar wake: duk wankin da aka yi wa bayanta ba zai taɓa shi ba. Dole sai maganin sha, wanda jini zai kai shi saiwar. Tun 1958 ake amfani da girisofulbin don wannan, ana sha na mako 6 zuwa 8, wani lokaci fiye, kuma jiki ya fi karɓarsa idan aka sha tare da abinci mai maiƙo ko madara. Akwai kuma tabinafin, wanda galibi mako 4 ake yi ana sha. Likita ne zai zaɓa, shi ne kuma zai auna adadin gwargwadon nauyin yaro. Ku kammala maganin ko da kan ya yi kyau tun mako na biyu, domin yankewa a tsakiya ita ke dawo da cutar.

Aikin gida a nan babba ne, kuma shi ke hana cutar zagaya 'yan'uwa. A wanke kan da shamfu mai ketokonazol ko seleniyom salfaid sau 2 a mako, a bar kumfar minti 5 zuwa 10 kafin a ɗauraye. Wannan ba ya warkarwa, rage yaɗuwa yake yi. Kowane yaro ya zama yana da matajinsa, tawul ɗinsa, hularsa da rigar matashinsa. A wanke waɗannan da ruwan zafi a shanya a rana, tsofaffin mataji kuma a jiƙa su a ruwan bilic ko a yar. Kilifar aski babbar hanyar yaɗuwa ce, don haka a mallaki ta gida ko a tabbatar an tsabtace ta sosai. A duba kan sauran yaran gidan, dabbar da ke zubar da gashi kuma a kai ta wurin likitan dabbobi. Da zarar an fara shan magani, yaro na iya komawa makaranta.

Abubuwa biyu ku guje musu. Kada ku matse ko ku tsaga kumburin keriyon, ba maruru ba ne. Kada kuma ku shafa man da ke ɗauke da sitiroid, irin wanda ake saya don ƙaiƙayi ko hasken fata. Zai kwantar da ja da ƙaiƙayi na 'yan kwanaki, cutar kuwa tana ta bazuwa a ƙarƙashi, har ta sauya kama ta yi wa likita wuyar ganewa.

Mataki na 4: Ku sassauta hannu a kan gashin

Ko wane iri ne ya sami yaro, wannan matakin ya shafe shi. Ga wadda kitso ya ci wa goshi kuwa, shi ne maganin gaba ɗaya.

Ƙa'idar mai sauƙi ce: kitson da ya sa yarinya kuka, ko ya hana ta kwantar da kai da dare, ko ya ɗaga mata fatar goshi, ya yi tsauri, a kwance shi a ranar. Na san ana cewa kitso mai tsauri ya fi daɗewa kuma ya fi kyau, amma abin da ake biya da shi gashin goshi ne. A farkon lamari gashin yana dawowa cikin 'yan watanni idan aka daina ja. Idan aka shekara da shekaru ana ja, saiwar kan mutu ta zama tabo, kuma babu man da ke tayar da ita. Ku gaya wa makitsiya tun kafin ta fara cewa ta bar ƙananan gashin goshi, ta yi manyan layuka masu sako-sako. A riƙa sauya inda ake tsaga, a bar kai ya huta tsakanin kitso da kitso. Man saki gashi, rini da ƙarfen miƙar da gashi ba na kan yara ba ne, balle kan da ke zubewa.

Wajen taje gashi, a fara daga baki a gangaro zuwa gindi, da mataji mai faɗin haƙora, bayan an ɗan jiƙa shi an sa mai. A yi wanki da ruwa mai ɗumi da sabulu ko shamfu marar ƙarfi, a tsane da tawul ba tare da murzawa ba. Aski kuma ba ya ƙara wa gashi kauri ko yawa. Bakin gashin da aka yanke ne ke da kaushi a hannu, saiwar da ke ƙarƙashin fata ba ta san an yi aski ba.

Mataki na 5: Ku gyara abin da ke shiga ciki

Gashi furotin ne, kuma idan abinci ya gaza, jiki kan fara janye kasonsa daga gashi ya ba wa gaɓoɓin da rai ya dogara da su. Don haka yaro na buƙatar abinci mai gina jiki kullum: ƙwai, kifi, nama, wake da danginsa, madara. Sinadarin ƙarfe, wanda rashinsa ke kawo ƙarancin jini, ana samunsa a nama, hanta, wake da ganyaye masu duhun kore. Wanda ke cikin tsirrai jiki ya fi tsotsarsa idan an haɗa da abu mai bitamin C, kamar lemu ko tumatir. Shayi kuma yana tare shi, don haka a raba lokacin shayi da lokacin abinci. Ƙaramin yaron da ya cika cikinsa da madarar shanu har ya ƙi sauran abinci yana cikin haɗarin ƙarancin jini, ko da ana ganinsa ɓul-ɓul. Sinadarin zink, wanda shi ma gashi ke buƙata, na cikin nama, gyaɗa da 'ya'yan kabewa. Tsutsar ciki ma tana shan jini, saboda haka inda take da yawa a tambayi ma'aikacin lafiya batun maganinta.

Ku ja fatar idonsa ta ƙasa ku duba, ku duba tafin hannunsa. Idan sun yi fari, ko yana saurin gajiya, ko yana cin ƙasa, a je a auna jini. Kada ku sayo ƙwayoyin ƙarin jini ko bitamin da ka. Ƙwayar ƙarfe idan ta yi yawa guba ce ga yaro, har tana kisa, bitamin A kuma idan ya wuce kima shi kansa yana zubar da gashi. Bayotin, wani nau'in bitamin da ake ta tallatawa don gashi, ba ya ƙara komai ga wanda ba ya da ƙarancinsa, kuma a 2017 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin cewa yana iya ɓata sakamakon wasu gwaje-gwajen jini.

Barci ma yana cikin lissafi: awa 10 zuwa 13 ga ɗan shekara 3 zuwa 5, awa 9 zuwa 12 ga ɗan shekara 6 zuwa 12.

Mataki na 6: Mai da ganye, bayan an tabbatar ba makero ba ne

Yanzu ne muka iso tambayar da aka fara da ita. Kafin komai ya taɓa kai, a shafa ɗan kaɗan a cikin damtsen yaro a jira kwana 2. Idan wurin ya yi ja, ya yi ƙaiƙayi ko ya yi ƙuraje, a ajiye abin. Kuma abu ɗaya ake gwadawa a lokaci guda, in ba haka ba ba za ku san wanda ya yi amfani ko wanda ya yi ɓarna ba.

Man kwakwa shi ne wanda hujjarsa ta fi fitowa fili. Wani bincike da aka yi a Indiya a 2003 ya kwatanta shi da wasu mayuka biyu, aka ga shi ne ke shiga cikin silin gashi ya rage asarar furotin. Ma'anarsa yana rage karyewa, ba wai yana tsirar da sabon gashi ba. Man kaɗanya, man zaitun da ruwan alobera su ma tausasawa da riƙe danshi ne aikinsu. Ku ɗumama rabin ƙaramin cokali a tafin hannu, ku shafa da cikin yatsu a hankali na minti 3 zuwa 5, sau 2 ko 3 a mako. A bar shi ya ɗan jima, a wanke. Kada a lafta mai a bar shi kwanaki, yana tara datti kuma yana iya ƙara amosani. Tausar kanta tana da nata amfanin: yaro na samun natsuwa, ku kuma kuna ganin fatar kan a kai a kai.

Ruwan albasa yana da labari mai jan hankali. A 2002 likitoci a Iraƙi sun gwada shi a kan masu fili mai sumul ɗin nan. Cikin mutum 23 da suka shafa shi sau 2 a rana, 20 sun ga gashi ya tsiro bayan mako 6, alhali cikin 15 da suka shafa ruwan famfo, 2 ne kawai suka gani. Sakamakon ya yi kyau, sai dai mutanen kaɗan ne, kuma cuta ce da takan warke da kanta. A ganina za a iya gwada shi ga yaron da ya yi wayo, wanda zai iya cewa "yana mini zafi", bayan likita ya tabbatar da irin ciwon. A markaɗa albasa, a tace, a shafa da auduga a kan filin kawai, a kiyaye ido, a wanke bayan kamar minti 15 a karon farko. Ba a sa shi a kan fata mai rauni ko ƙuraje. Idan warin zai sa a riƙa tsokanarsa a makaranta, a yi da yamma a wanke da kyau, ko a haƙura da shi.

Tafarnuwa kuwa a'a. Ɗanyar tafarnuwa da aka daka aka ɗaure a kan fata tana ƙona ta kamar wuta, kuma likitoci sun sha ganin yara da irin wannan ƙuna.

Mayukan ƙamshi masu ƙarfi da ake tatsowa daga tsirrai suna buƙatar hattara. A 1998 an yi gwaji a Abadin ta Sikotilan da mutum 86 masu alofeshiya ariyata, inda aka riƙa tausa kan rabinsu kullum na wata 7 da haɗin irin waɗannan mayuka huɗu, har da rozmari da labanda. Kashi 44 cikin 100 na waɗannan sun samu sauƙi, a ɗaya rabin kuma, da aka tausa da mai marar wannan haɗin, kashi 15. Amma fatar yaro siririya ce, tana tsotsar abu fiye da ta babba. A 2007 an ba da rahoton yara maza uku da nono ya fara fito musu bayan amfani da kayan shafa masu man labanda, wani har da man itacen shayi, ya kuma koma bayan an daina. Kafur na iya jawo jijjiga ga ƙananan yara, man na'ana'a da na itacen turare kuma suna iya taɓa numfashinsu. Ni dai ba zan sa ko ɗaya cikinsu a kan ƙaramin yaro ba.

Hulba, habbatussauda da man zurma sun daɗe a hannun mutane. Idan gwajin damtse bai nuna komai ba, shafa kaɗan ba laifi, amma ku ɗauke su a matsayin masu tausasa gashi. Lalle yana da haɗari ga jarirai da yaran da ke da ƙarancin sinadarin G6PD mai kare ƙwayoyin jini, domin lallen yana iya fasa musu ƙwayoyin jini ya kawo shawara. Baƙin lalle mai haɗin rini kuma yana ƙona fata.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne haɗe-haɗen sha da ba a san abin da ke ciki ba. Saiwar he shou wu, wadda ta shahara a maganin Sin don gashi, an tabbatar tana iya lalata hanta. A 2004 masu bincike a Boston sun auna magungunan Ayurbeda, wato na gargajiyar Indiya, guda 70 da ake sayarwa a shaguna, suka sami dalma, zaiba ko asenik a cikin 14. Fili a kai bai kai a saka hantar yaro ko ƙwaƙwalwarsa a caca ba. Haka nan minoksidil, maganin tsirar da gashi na manya, kada a shafa wa yaro sai da umarnin likita, kuma a ɓoye kwalbar inda hannunsa ba ya kaiwa.

Mataki na 7: Ku kula da zuciyarsa

Yaro yana karanta ciwonsa ne a fuskar iyayensa. Idan kullum ana buɗe kansa ana salati, ana nuna wa duk baƙon da ya shigo, zai ɗauka wani mugun abu ne ya same shi. Ku yi masa bayani da kalmomin da zai gane: gashin wurin ne ya tafi hutu, muna kula da shi, ba laifinka ba ne. Ku koya masa gajeriyar amsar da zai ba abokansa idan sun tambaya. Ku sami malaminsa ku yi masa bayani, musamman idan ciwon ba mai yaɗuwa ba ne, don kada a ware shi. Hula ko ɗankwali zaɓinsa ne, in yana so ya sa, in ba ya so a ƙyale shi. Filin da ba gashi kuma a kare shi daga zafin rana.

Mai tsige gashi shi ya fi kowa buƙatar haƙuri. Duka da tsawa ba sa hana shi, sai dai su koya masa yi a ɓoye. Ku lura da lokutan da hannun ke tafiya kai, ku ba hannun wani aiki a lokacin: ƙwallon matsawa, zare, tsumma mai laushi. Ku yi yarjejeniya da shi a kan wata alama ta sirri da za ku riƙa tuna masa da ita ba tare da kunyata shi ba. A ƙananan yara ɗabi'ar takan wuce kamar tsotson yatsa. Idan ta ɗore, masana halayyar ɗan'adam suna da horon sauya ɗabi'a da ke aiki. Idan kuma yana haɗiye gashin, a gaya wa likita da wuri, saboda yana iya dunƙulewa a ciki ya toshe hanji.

Mataki na 8: Ku san lokacin jira da lokacin tashi

Gashi ba ya gaggawa. Ko an dace da magani, sai an yi mako 6 zuwa 12 kafin a ga tsiro, kuma a fili mai sumul sabon gashin kan fara fitowa fari, siriri, kafin ya yi baƙi. Ku ba kowace hanya wata 3 kuna kwatanta hotuna, kada ku riƙa sauya magani duk mako.

Ba a jira idan akwai kumburi, mugunya, zafi ko zazzaɓi. Haka idan filin na faɗaɗa da sauri, ko filaye suna ƙaruwa, ko gira da gashin ido sun fara zubewa, ko fatar wurin ta yi ƙyalli kamar tabo. Yaron da ke ramewa, ko ya daina girma, ko yake yawan kasala da jin sanyi, shi ma a kai shi a duba jini da tairoid. Ga alofeshiya ariyata mai tsanani akwai magungunan shafawa da likitan fata ke bayarwa, kuma a 2023 Amurka ta amince da wani maganin sha, ritilesitinib, ga masu shekara 12 zuwa sama.

Ranar zuwa asibiti, kada ku shafa mai ko wani magani a kan, domin likita na iya kankare ɗan ɓawo ko ya tsige 'yan silin gashi don gwaji, mai kuma yana ɓata sakamakon. Ku tafi da hotunan da kuka ɗauka, da kwalabe da ƙullin duk abin da kuka shafa masa ko kuka ba shi ya sha, na gargajiya da na kemis, ku kuma faɗi tsawon lokacin da aka yi ana amfani da kowanne.